Keken Graeme Obree da labarin injin wanki

Ranar 17 ga watan Yuli na 1993, a garin Hamar na ƙasar Norwe, wani mutumin Sikotland mai shekara 27, Graeme Obree, ya hau keken da ya ƙera da hannunsa, ya yi ta zagaya filin tsere na katako har awa ɗaya cif. Da aka tsayar da agogo aka auna, sai aka tarar ya ci kilomita 51 da mita 596. Tun da aka fara wannan gasa ta awa ɗaya, babu wanda ya taɓa kai wa nan. Jaridun Turai suka ɗauki labarin, amma kusan dukkansu abu ɗaya suka riƙe: wai a cikin keken akwai boris, ƴan ƙwallayen ƙarfen nan da ke sa taya juyawa sumul, da ya ciro daga injin wankin tufafi na gidansa.

Maganar boris gaskiya ce. Sai dai ni a ganina ita ce mafi ƙanƙanta a cikin labarin, kuma yadda ta rufe sauran ya yi kama da yadda mu malamai da iyaye muke kallon yaron da ke ƙere-ƙere. Mukan ga tarkacen da ya tattara, mu yi dariya ko mu yi mamaki, mu wuce abinmu, ba mu tambayi tunanin da ya haɗa su ba. Shi ya sa nake so in bi tarihin wannan keke daki-daki, tun daga waɗanda suka riga shi, domin mu ga inda nasarar ta fito.

Gasar awa ɗaya da masu ƙira na farko

Ƙa'idar gasar ba ta da wuyar fahimta. Mutum ɗaya ne a fili mai zagaye, babu abokin tsere da zai tare masa iska, keken kuma ba shi da birki, ba shi da canjin giya. Zai tashi daga tsaye, ya tuƙa minti 60, a auna nisan da ya ci. Wanda aka fara rubuta wa wannan tarihi shi ne Bafaranshe Henri Desgrange, wanda ya yi kilomita 35 da mita 325 a birnin Paris a watan Mayu na 1893. Shi ne kuma ya jagoranci kafa tseren Tour de France a 1903.

A wancan zamani ana sa ran ɗan tsere ya san ƙarfen da yake hawa. A Tour de France na 1913, gwafar gaba ta keken Eugène Christophe, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, ta karye masa yana gangarowa daga dutsen Tourmalet. Dokar tseren ta ce ɗan tsere shi zai gyara kekensa da kansa. Sai ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka kilomitoci a ƙasa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera, ya sa ƙarfen a wuta ya haɗa shi da hannunsa, alƙalan tsere na tsaye suna kallo. Ya yi asarar awoyi, kuma duk da haka aka ƙara masa tarar mintoci, saboda wani yaro ya taya shi zuga. Ya koma kan hanya, ya gama tseren wannan shekara a matsayi na 7.

Shekara 20 bayan haka aka yi wata babbar rigima tsakanin mai ƙira da hukuma. Charles Mochet yana da ƙaramin wurin ƙira a gefen Paris, yana yin ƴan motoci masu feda don iyalan da ba su da kuɗin mota. Daga cikin wannan ƙira ya fitar da keke mai taya biyu wanda ake tuƙawa a kishingiɗe, baya a jingine, ƙafafu a gaba. Ranar 7 ga Yuli na 1933, Francis Faure, wanda ba ya cikin manyan ƴan tseren zamaninsa, ya hau shi ya yi kilomita 45 da mita 55 cikin awa. Ya wuce kilomita 44 da mita 247 da Oscar Egg na Suwizalan ya kafa tun 1914. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fitar da ma'aunin abin da za a kira keken tsere, kuma na Mochet bai shiga ciki ba. Aka fitar da bajintar Faure daga babban jeri. Mochet ya rasu a wannan shekarar.

A 1972 Eddy Merckx na Beljiyam, wanda da yawa ke ganin babu kamarsa a tarihin tseren keke, ya tafi birnin Meziko, mai tudun da ya wuce mita 2200, inda iska ba ta da kauri, ya yi kilomita 49 da mita 431. A lokacin nauyi ake ɗauka babban abokin gaba. Ernesto Colnago ya ƙera masa keken da bai kai kilo 6 ba, har an hudhuda wasu ƙarafansa don a rage nauyi. A watan Janairu na 1984 Francesco Moser na Italiya ya je wannan birni da keken da ya fi na Merckx nauyi, amma tayoyinsa a rufe suke kamar faifai, babu wayoyin da ke kaɗa iska, bayansa kuma akwai likitoci da injiniyoyi da kuɗin kamfani. Ya yi kilomita 51 da mita 151. Daga baya ya amsa cewa an yi masa ƙarin jini, abin da dokar lokacin ba ta hana ba. Wannan tarihi na Moser shi ne ya tsaya shekara 9, har kafin Obree.

Abin da Obree ya gano

An haifi Obree a Ingila a 1965, ya tashi a yankin Ayrshire na Sikotland. Mahaifinsa ɗan sanda ne, kuma shi da kansa ya ba da labarin yadda yara suka riƙa cin zalinsa a makaranta. Keke ya zama masa mafaka. Da ya girma ya buɗe shagon kekuna, ya koyi haɗa gangar keke da wuta, shagon ya karye ya bar shi da bashi. Lokacin da ya ƙudurta tunkarar tarihin Moser ba shi da aikin albashi, ba ya cikin ƴan tseren da manyan ƙungiyoyi ke biya, kuma shi ke tsara wa kansa horo.

Ga lissafin da komai ya rataya a kansa, kuma duk malamin kwaleji zai iya rubuta shi a allo. Idan ka ninka gudunka sau 2, turjiyar iska tana ninkuwa sau 4, ƙarfin da za ka kashe wajen keta ta kuma ya ninku sau 8. A gudun kilomita 50 a awa, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin mai tuƙi yana tafiya ne wajen keta iska. Mafi yawan abin da iskar ke bugawa kuwa jikin mutumin ne, keken kaɗan yake ɗauka. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke sanye da babbar riga yana fuskantar iskar hunturu ya san wannan a cinyoyinsa, ko da bai taɓa ganin lissafin ba.

Saboda haka Obree ya fara da jikinsa kafin ya taɓa ƙarfe. Tun a shekarun 1980 ya juya kan kekensa, wato inda ake riƙewa, yana gwada zama iri-iri a tseren agogo na kan titi, yana duba lokacin da kowane zama ya ba shi. A ƙarshe ya tsaya a kan wani zama da ba a saba gani ba: ƙirji a kwance bisa hannaye, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kai a gaba ƙasa-ƙasa, jiki duk a dunƙule kamar ƙwai. Kekunan kasuwa ba a yi su don wannan zama ba, sai ya ƙera wanda zai dace da shi. In ka bi keken gaɓa-gaɓa, za ka ga kowace gaɓa amsa ce ga wata matsala da wadda ta gabace ta ta haifar.

Kan keken guntun miƙaƙƙen ƙarfe ne, an matso da shi kusa da sirdi domin ƙirji ya samu inda zai kwanta. Sai ƙafafu. Ya lura cewa idan mutum yana tafiya ko gudu, sawayensa kusa da juna suke sauka, amma feda ta keken kasuwa tana buɗe ƙafafu. Don haka ya matse gindin feda, wato bututun ƙasa inda sandar da ta haɗa feda biyu ke juyawa. Da ƙafafu suka matso, sai gwiwoyi suka fara bugun sandar sama, wadda muke ɗora yaro a kanta in za mu kai shi makaranta. Ya cire ta gaba ɗaya, ya bar ƙaƙƙarfar sanda guda da ta gangaro daga wuyan keke. Hannuwan feda kuma za su riƙa gugar sandunan nan biyu da suka tafi zuwa tayar baya, sai ya ɗaga sandunan sama su ba su hanya. Gwafar gaba ƙafa ɗaya gare ta, siririya, domin iska ta samu abu kaɗan da za ta buga.

Sai boris. Gindin feda mai irin wannan matsi babu shi a kanti, dole ya haɗa nasa. Ya dubi injin wanki yana juya gangarsa sau 1200 a minti, ya yi tunanin cewa boris ɗin da ke jure wannan ba zai gaza da ƙafar mutum ba, wadda ba ta cika wuce juyi 100 a minti ba. Ya kwance injin ya ciro shi. Iyakar aikin injin wanki a labarin ke nan. Da ya samu boris na kanti mai girman da yake so, da keken ya yi gudun da ya yi. Da kuma ya sa boris na injin wanki a keke irin na kowa, ya zauna zama irin na kowa, da ba mu ji sunansa ba. Shi kansa ya nuna da-na-sanin faɗa wa ƴan jarida wannan magana, domin duk inda aka ambace shi da ita ake farawa, kafin a zo kan abin da ya ƙirƙiro da abin da ƙafafunsa suka yi. Ya sa wa keken suna Old Faithful, ma'ana tsohon amintacce.

Kwana biyu a Hamar

Zagayen filin Hamar mita 250 ne. Ranar 16 ga Yuli, Obree ya hau wani kwafin kekensa da aka ƙera masa, wanda ake ganin ya fi nasa kyan aiki, ya tuƙa awarsa, ya gaza kamo Moser da ƴan ɗaruruwan mita. Wannan awa ba abin da ake maimaitawa washegari ba ne. Merckx da kansa ya bayyana ta a matsayin tuƙi mafi wuya da ya taɓa yi. Amma an kama wa Obree filin na awa 24, sai ya ce zai dawo da safe.

Matsalar ita ce in ya yi barci mai nauyi, jijiyoyinsa za su sanƙare. Dabarar da ya yi ita ma irin ta keken ce, babu kuɗi a cikinta. Ya sha ruwa da yawa kafin ya kwanta, domin fitsari ya tashe shi bayan ɗan lokaci. In ya tashi sai ya miƙe jijiyoyi, ya sake shan ruwa, ya koma ya kwanta, haka har gari ya waye. Da safe ya hau nasa na hannu. Ya yi zagaye 206 da ɗoriya, kowane zagaye cikin kimanin daƙiƙa 17 da rabi. Ya wuce Moser da mita 445, abin da bai kai zagaye biyu ba, kuma ya yi shi ne a ƙasa-ƙasa, inda iska ke da kaurinta, ba a tudun Meziko ba.

Kwana 6 kawai tarihin ya yi a hannunsa. Ranar 23 ga Yuli, Chris Boardman na Ingila, wanda ya ci zinariya a wasannin Olamfik na Barcelona a 1992 kan keken kamfanin Lotus, ya yi kilomita 52 da mita 270 a Bordeaux. A watan Agusta suka haɗu a Hamar a gasar duniya ta tseren bi-ni-in-bi-ka na mita 4000, inda mutum biyu ke tashi daga ɓangarori biyu na fili. Obree ya fitar da Boardman a wasan kusa da na ƙarshe, ya doke Bafaranshe Philippe Ermenault, ya zama zakaran duniya. Ranar 27 ga Afrilu na 1994 ya je Bordeaux ya sake karɓe tarihin awa da kilomita 52 da mita 713, wanda ya tsaya har watan Satumba, lokacin da Miguel Indurain na Sifaniya ya wuce shi.

Hukuma ta shigo

Kamar yadda aka yi wa Mochet, haka aka yi wa Obree. A 1994 UCI ta fitar da sababbin ƙa'idoji kan inda sirdi zai zauna. Ya gyara kekensa ya bi su. A gasar duniya ta wannan shekara a Palermo, ana gab da fara tsere, aka sanar da shi cewa dole a ga tazara tsakanin ƙirjinsa da hannayensa. Ya hau ya yi zaman da ya saba, aka ɗaga masa jar tuta, aka kore shi.

Ya koma gida ya sake kallon lissafin iska. Tun da an hana shi ɓoye hannaye ƙarƙashin ƙirji, sai ya miƙe su gaba ɗaya zuwa gaba, kai a tsakaninsu, kamar mai ninƙaya da ya faɗa ruwa. Turawa suka sa wa zaman suna Superman. Da shi ya sake zama zakaran duniya a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1995. Shekara ɗaya bayan haka kowa ya kwaikwaya. Andrea Collinelli da Antonella Bellutti na Italiya sun ci zinariya da wannan zama a Olamfik na Atlanta a 1996, kuma ranar 6 ga Satumba na wannan shekara Boardman ya yi kilomita 56 da mita 375 da shi a Manchester. Sai UCI ta haramta shi ma. A watan Oktoba na 1996 ta fitar da takardar manufa a garin Lugano, wadda ta ce ɗan tsere ya kamata ya rinjayi na'ura. A 2000 ta ƙayyade siffar gangar keke, ta ce nauyinsa kada ya gaza kilo 6 da giram 800, ta kuma mayar da tarihin awa zuwa na Merckx na 1972. Na Moser da Obree da Indurain da Boardman aka zuba su a wani jeri daban. Sai a 2014 aka sassauta, aka yarda da kekunan zamani.

Ba na ɗaukar hujjar hukumar a matsayin ta banza. Mutumin da ƙirjinsa ke kan hannayensa ba ya iya karkatar da keke da sauri, kuma a tseren jama'a wannan haɗari ne ga kowa. Gaskiya ne kuma in aka bar ƙira ba iyaka, ƙasar da ta fi kuɗi ita za ta riƙa lashe komai. Inda na rabu da su shi ne, abin da suka hana Obree sau biyu ba abin saye ba ne. Zama ne, wanda ɗan tseren kowace ƙasa zai iya koya kyauta. Da aka rufe wannan ƙofa, fifikon ya koma ga masu ɗakunan gwajin iska da injiniyoyi. Nisan da Boardman ya yi da zaman Obree ya tsaya shekara 26 babu wanda ya kai shi, sai ranar 8 ga Oktoba na 2022, da Filippo Ganna na Italiya ya yi kilomita 56 da mita 792 a Grenchen ta Suwizalan, kan keken kamfanin Pinarello da na'ura ta ƙera daga zanen kwamfuta, daidai da jikinsa.

Akwai wani babi da ba a cika ba da shi ba, alhali yana da amfani. A 2013, yana da shekara 48, Obree ya kai wani keke da ya haɗa a ɗakin girkinsa zuwa Battle Mountain a jihar Nevada ta Amurka, inda ake tseren kekuna masu rufi da ba sa bin dokar UCI. A kan wannan keke rub da ciki ake kwanciya, kai a gaba, kuma abin da ke tallafe kafaɗunsa daga tsohuwar tukunyar girki ya yanko shi. Burinsa ya wuce tarihin duniya, wanda ya haura kilomita 130 a awa. Ya tsaya a kimanin 91. Wannan ya zama tarihi a ɓangaren masu tuƙi rub da ciki, amma ya yi nisa da abin da ya je nema, kuma bai ɓoye hakan ba. Hannu ɗaya ne ya yi kekunan biyu, tarkace iri ɗaya ne, agogo ya karɓi ɗaya ya mayar da ɗaya. Tarkace shi kaɗai ba ya sa abu ya yi aiki.

Abin da ya shafe mu

Hannu ba shi muka rasa ba a nan. Akwai yaron da ke haɗa mota da kara da gwangwani da waya, har da sitiyari mai juya tayoyi. Akwai mai gyaran keke a bakin kasuwa da ke ƙara wa kariya ƙarfe domin ta ɗauki jarkokin ruwa. Akwai masu walda da ke haɗa keken guragu mai taya uku, su ɗauko feda da sarƙa daga ƙasa su mayar da su gaban ƙirji domin hannu ya tuƙa. Wannan na ƙarshe ƙira ce da ta fara daga jikin mai hawa, daidai yadda Obree ya fara. Abin da ya bambanta Obree da mafi yawan masu dabara shi ne, duk abin da ya sauya sai ya kai shi gaban agogo, ya riƙe abin da ya rage lokaci, ya yar da abin da bai rage ba. Wannan ɗabi'a ta awo koyar da ita ake yi, kuma makaranta ce wurinta. Mu kuwa mun raba su: lissafi yana lakwal, hannu yana bakin kasuwa, kuma yaron da ya karkata ga hannu mukan ce ba shi da kan karatu.

Ga malamai, keke guda ya isa darasin mako. A shigo da shi aji, yara su ƙirga haƙoran farantin sarƙa na gaba da na baya. A ce sun samu 44 da 18. Su raba, su ga cewa duk juyin feda ɗaya tayar baya tana juyawa kusan sau biyu da rabi. A sa alli a taya, a tura keken a ƙasa juyi ɗaya, a auna da igiya ko mita. Babbar taya irin ta kekunan dako za ta ba da kimanin mita 2 da santimita 20. Su ninka, su gano cewa juyin feda ɗaya yana kai mutum mita 5 da kusan santimita 40. Daga nan su lissafa juyi nawa ne daga gida zuwa makaranta. Washegari a fita fili, a auna nisa guda, yaro ɗaya ya tuƙa a miƙe, ya huta, ya sake tuƙawa a sunkuye, wani na riƙe da agogon waya, wani na rubutawa. A maimaita sau da yawa, a sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Yaron da ya yi wannan ya taɓa rabawa da ninkawa da zagayen da'ira da hannunsa, ya kuma koyi cewa ba a cewa abu ya fi sai an gwada.

Ga iyaye, idan yaro ya kawo abin da ya haɗa, tambaya biyu sun fi yabo, sun kuma fi tsawa amfani: me ya sa ka yi shi haka, kuma yaya aka yi ka san ya fi na da? In ya iya amsa ta farko, yana tunani. In bai iya ta biyu ba, nan ne za a taimake shi. A kuma kula da masu yi masa dariya. Obree ya zama zakaran duniya sau biyu, amma a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2003 ya bayyana ciwon damuwa mai tsanani da ya yi ta fama da shi, kuma bai raba shi da abin da aka yi masa yana yaro ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai iyaka da ya kamata a ja. Obree ya yi shekaru yana haɗa gangar keke kafin ya cire sandar sama, kuma ya san inda nauyi ke bi a cikin ƙarfe. Birki da gwafar gaba da wuyan keke ba wurin gwajin yaro ba ne, domin in suka karye ana cikin gudu, kai ne ke fara sauka. Gwajinsa ya tsaya kan tsayin sirdi, da iskar taya, da mai a sarƙa, da yadda yake zama. In ya nuna yana son wuce nan, a kai shi wurin mai gyaran da ya san aikinsa ranakun da babu makaranta, da sharaɗin ya tafi da littafi da abin awo, ya rubuta abin da ya gani.

Old Faithful yana ajiye a gidan tarihin ƙasar Sikotland a birnin Edinburgh. Malamin da zai nuna wa ɗalibansa hotonsa, ina roƙonsa ya jinkirta maganar injin wanki. Ya fara tambayarsu ina sandar sama ta tafi, kuma me suke gani ya sa mai keken ya cire ta, ya bar su su yi gardama har su kai ga gwiwa da iska da kansu.